Warin Bakin Kafizato

Ga ta nan, ga ta nanku, manya da yara.

Ta zo mu ji ta, mu ɗauki abin ɗauka.

A wani gari da ke gindin dutse an yi wani tsoho mai suna Mantau. Aikinsa gadin rumbunan gari. Rumbunan nan bakwai ne: huɗu na gero, biyu na dawa, ɗaya na iri, wanda ba a buɗe shi sai ruwan shuka ya sauka. Matar Mantau ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Abin da ya rage masa a duniya biyu ne: tuwon la'asar da yake ci kwano ɗaya da dattawa a zauren mai unguwa, da kuma karensa Kafizato.

Ku riƙe siffar karen nan, domin a kanta maganar take. Daga hancinsa zuwa gindin wutsiyarsa kamu ɗaya ne. Tsayinsa taƙi ɗaya da yatsa uku. Ba kwikwiyo ba ne, shekararsa biyar, haka Allah Ya halicce shi. Manyan karnukan mafarauta sukan yi masa dariya, amma akwai wurin da babban kare ba ya shiga, shi ne ramin gafiya. Kafizato kuwa can ne fadarsa. Duk gafiyar da ya fito da ita, sai Mantau ya yi ƙulli ɗaya a jikin wata igiya. Cikin shekara uku igiyar ta yi ƙulli talatin da ɗaya, kuma ko zangarniya ɗaya ba ta ɓata ba. Idan karen ya ratsa gari mata sukan yi masa kirari:

"Kafizato na Mantau, barkono ƙarami mai sa ƙato hawaye! Ɗan ƙanƙane a fili, sarki a rami!"

Shi kuwa sai ya ɗaga wutsiya, ya yi taku ɗaya-ɗaya, bai waiwayo ba.

Da kakar shekara ta uku, sai mai unguwa Korau ya tara jama'a ya ce, "Karen da ya tsare mana abinci ba za a riƙa jefa masa ƙashi ba. Ƙashi na karnukan bola ne. Daga yau abin da muka ci shi zai ci."

Sai aka yi guɗa. Da safe koko, da rana fura, da yamma tuwo a kwaɓe da miya. Mai alkaki ta ba shi alkaki, mai nakiya ta ba shi nakiya. Wata goma sha huɗu cur Kafizato bai tauna abu mai tauri ba. Idan ya wuce manyan karnuka suna gwaguyar ƙashi, sai ya ce, "Sannunku da aiki, talakawa."

Sai wari ya fara fita daga bakinsa. Mantau ne ya fara ji, ya yi masa kara, ya riƙa kawar da kai. Sai kaji suka riƙa tashi idan ya zo. Sai mata suka koma yin kirarin daga bayan danga. Kafizato ya ga ana dare masa hanya, ya ce a ransa, "Kwarjini ne ya ƙaru." Mai warin baki, shi ne na ƙarshen jin labari.

Ana nan, sai wata tsohuwar Gafiya mai farin gashin baki ta tare ƙarƙashin rumbunan. Raminta ƙofa uku gare shi. Kafizato ya shiga ta ƙofar gabas, ya tarar da ɗaki wayam, shimfiɗa da ɗuminta. Washegari ya shiga ta ƙofar yamma, ya tarar da ƙaiƙayi kawai. Rana ta uku ya lallaɓa ta ƙofar kudu, ko numfashi mai ƙarfi bai yi ba. Sai ya jiyo murya daga can ƙurya.

"Ɗan Mantau, kai ne?"

Ya lafe a jikin ramin.

"Haba, daina wahalar da ƙafafunka. Tun kana bakin rijiya bakinka ya yi maka sallama. Na sha ruwa, na kwashe kayana, na yi ban kwana da maƙwabta, ba ka iso ba."

"Wane baki?" in ji Kafizato.

"Au, ba su gaya maka ba? To, lallai ana jin nauyinka a garin nan." Sai ta fice tana dariya.

Kafin sati ya zagayo rumbun gero ɗaya ya koma rabi. Sai mai unguwa ya kira Mantau gaban dattawa. Kafizato ya bi shi, ya tsaya daga bakin zaure, ya ga dattawa suna jan bakin rawani suna rufe hanci.

Korau ya ce, "Mantau, ba mu manta alheri ba. Amma Gafiya ta doshi rumbun iri, kuma karenka ya zama gangar da ke yi mata shela. Na ba ku kasuwa uku, kwana ashirin da ɗaya. In bai kama ta ba, za a haye da shi kogi a baro shi can, mu nemo wani."

Wani dattijo ya ce sammu aka yi wa karen. Wani ya ce tsufa ne. Wani ya ce a turara masa hayaƙi. Kowa ya faɗi tasa daga nesa, babu wanda ya ce a buɗe bakin a duba. Dalili kuwa, a garin nan akwai al'ada: duk wanda ya sa hannu a bakin kare, ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi sai ya yi kwana arba'in.

Kafizato bai ci furar ranar ba. Da gari ya waye ya ce, "Maigida, zan shiga daji neman magani."

Mantau ya ce, "Allah Ya kai ka ga mai gaskiya."

Sai ya tafi, sai ya tarar da Ungulu a kan busasshiyar kuka.

"Sannu da hutawa, Gwaggo. An ce bakina yana wari. Ke da kika ga duniya daga sama, ki gaya mini gaskiya."

Ungulu ta sauko ta ce, "Hura in ji."

Ya hura. Ta lumshe ido.

"Ƙara."

Ya ƙara.

Ta ce, "Ɗana, hassada ce kawai. Rabona da jin ƙamshi irin wannan tun shekarar da annoba ta faɗa wa shanu. Kada ka taɓa shi. In da hali ma ka riƙa zuwa muna hira."

Kafizato ya fara murna, sai ya dubi abin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ya tuna irin abincinta. Ya ce, "Na gode, Gwaggo," ya wuce kansa a ƙasa. Wannan kwana na biyu ke nan.

A kwana na uku sai ya isa wurin Dila, malamin daji, yana zaune a inuwar tsamiya.

"Allah gafarta malam, magani nake nema."

Dila ya ja da baya taku uku, ya ce, "Na ji, tun kafin ka faɗa. Abu mai sauƙi. Ka sami kanumfari da citta da ganyen na'ana'a, ka cika bakinka safe da yamma, kwana uku. Wari ai bawan ƙamshi ne, da ya gan shi sai ya durƙusa."

"Malam ba zai duba bakin ba?"

"Mai ilimi ba ya leƙe. Je ka, ko sadaka ba na so."

Da Kafizato ya juya, sai Dila ya lashi leɓe ya ce a ransa, "Ranar da aka haye da kai kogi, kajin garin nan sun ishe ni sadaka."

Kafizato ya koma gida ya yi yadda aka ce. Kwana uku yana tauna kanumfari, idanunsa suna hawaye, harshensa yana raɗaɗi. Sai ya nufi ramin da ƙarfin zuciya. Bai kai ga sa kai ba sai ya ji Gafiya tana tafi.

"Ayyururui! Jama'a, ku fito ku gani, an yi wa mushe lalle! Ɗan Mantau, da wari ɗaya ne yake rako ka, yau biyu ne. Wa ya ba ka wannan shawara? Ka gaishe shi, ɗan'uwana ne."

Kwana bakwai sun tafi, kasuwar farko ta ci. Sai Kafizato ya gangara bakin kogi, ya ce bari ya ga wurin da za a yar da shi. Yana zaune yana kallon ƙetare, sai ya ga Kada kwance a kan yashi, ya wangame baki, wata 'yar tsuntsuwa mai baƙin kai tana yawo a tsakanin haƙoransa tana tsince-tsince. Kafizato ya jira har ta gama, sannan ya matso.

"Ranka ya daɗe, sarkin ruwa. Ba ka jin kunya? Babba kamarka, ka buɗe baki 'yar tsuntsuwa tana ganin abin da ke ciki?"

Kada ya ce, "Yaro, shekarata tamanin, haƙorana sun fi naka yawa, ban taɓa kwana da ciwon ko ɗaya ba. Kai da ka rufe naka, ga shi tun daga kan tudu nake jin ka. Wa ya taɓa leƙa bakin nan?"

"Babu."

"To, me aka yi ta yi wa magani?"

Kafizato ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ga babu karen da ya san shi. Sai ya kwanta, ya buɗe baki. Tsuntsuwa ta riƙe numfashi ta leƙa. Ta daɗe tana ƙirgawa, sannan ta fito ta yi atishawa.

Ta ce, "Saurara da kyau, ba na maimaitawa. Babban kare haƙoransa arba'in da biyu ne. Kai ma arba'in da biyun aka ba ka, amma a ɗan bakin da bai fi ludayi ba, sun cushe kamar 'yan kasuwa a rumfa ɗaya. Duk abin da ka ci sai ya sami maɓoya. Me kake ci?"

Ya ɗaga kai ya ce, "Koko, da fura, da tuwo, da alkaki. Ni ba a ba ni ƙashi."

"Shi ya sa. Abinci mai laushi ya manne, ya daskare, ya zama rawayan dutse a gindin haƙora. Dasashinka ya yi ja, yana jini. Ƙashin da ka rena, shi ne yake kankare bakin talakawan da kake yi wa ba'a. Sai babbar magana: na ƙirga naka sau biyu, arba'in da huɗu na samu. Fiƙoƙinka biyu na yarinta ba su faɗi ba, suna nan manne da manyan, tsakaninsu ya cika da ruɓaɓɓen abinci. Daga nan warin yake tasowa. Wannan ciwon ƙananan karnuka ne, na sha gani."

"Ki cire mini su, Allah Ya ba ki lada."

"Ni tsinta na iya. Cire haƙori sai hannu mai yatsa biyar."

Kafizato ya koma gida a hankali. Ya san al'adar garinsu, ya kuma san tuwon zaure shi ne ɗan abin da ya rage wa tsohon. Ya kwanta a ƙofar ɗaki. Mantau ya tambaye shi abin da ya samo, ya kawar da kai. Ya sake tambayarsa, ya ce ba komai. A na uku sai ya faɗa masa duka, sannan ya ce, "Maigida, kwana arba'in kana ci kai kaɗai ba ƙaramin abu ba ne. Bar su su haye da ni."

Mantau ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya tafi gidan Nomau wanzami, ya roƙe shi ya cire haƙoran.

Nomau ya ce, "Baba Mantau, da kayan da nake yi wa jarirai aski zan shiga bakin kare? Ka rufa mini asiri. Amma in kai ka ji za ka iya, ka kama haƙorin daga gindi, ka girgiza shi a hankali, kada ka fizga. Ban ce maka komai ba fa."

Sai Mantau ya wuce maƙera, aka ƙera masa 'yar awartaki sabuwa. Ya tafasa ta. Ya karyo asuwakin darbejiya, ya daka gawayi, ya dafa ruwa da ɗan gishiri. Kafizato ya ce, "Mu shiga ɗaki, kada a gani."

Mantau ya ce, "A'a. A fili aka yi maka kirari, a fili aka rufe maka hanci. A fili za a yi wannan."

Sai ya shimfiɗa tabarma a gaban rumbuna da hantsi. Gari ya taru. Korau ya zo ya ce, "Mantau, da furfurarka? Ka san hukunci."

Mantau ya naɗe hannun riga ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Shekara uku duk lomar da muka kai baka, bakin nan ne ya tsare ta. Mu muka hana shi ƙashi, mu muka cusa masa alkaki, da ya lalace muka toshe hanci. Hannuna ruwa da ƙasa za su wanke shi. Butulci ne ban san abin da ke wanke shi ba."

Kafizato ya dubi taron. Ga matan kirari, ga manyan karnuka sun zauna a layi suna jiran abin dariya. Ya ji kamar ya nutse. Sai ya tuna Kada a kan yashi, ya kwanta, ya buɗe baki iyakar buɗewa.

Mantau ya kama haƙorin dama daga gindi, ya girgiza, ya girgiza, ya fito. Kafizato bai yi ƙara ba. Ya kama na hagu, wannan ya yi gardama, sai a girgiza ta bakwai ya saki. Hawaye ya zubo wa karen, amma ko ƙafa bai motsa ba. Babban karen mafarauta ya juya ga 'yan'uwansa ya ce, "Ni da ƙaya aka cire mini sai da mutum uku suka danne ni." Babu wanda ya sake dariya.

Mantau ya goge haƙoran da asuwaki da gawayi, ɗaya bayan ɗaya, har arba'in da biyu. Ya wanke dasashin da tsumma da ruwan gishiri. Sannan ya wanke hannunsa sau bakwai, ya shige gida. Da la'asar ya ci tuwonsa shi kaɗai, karensa yana kwance a gefensa.

Wannan kwana na tara ke nan. Daga ranar, kullum da safe asuwaki. Ruwan sha na rijiya, a kasko wankakke, ba na kwatami ba. Da dasashi ya warke bayan kwana biyar, sai Mantau ya kawo masa busasshiyar ganda, bayanta babban ƙashin ƙafar saniya. Bai ba shi na kaza ba, domin shi tsagewa yake ya soki maƙogwaro. Kafizato ya ɗauki ƙashinsa ya je ya zauna cikin manyan karnuka.

Babbansu ya ce, "Sannu da aiki, talaka."

Kafizato ya ce, "Yauwa. Matsa mini."

Rawayan dutsen nan ya riƙa ɓarewa kaɗan-kaɗan. A kwana na goma sha tara wata kaza ta zo ta yi kiwo dab da hancinsa, ba ta ko ɗaga kai ba. Mantau ya gani, ya yi murmushi.

Ranar kasuwa ta uku, rana ta ashirin da ɗaya, an riga an ɗaure kwalekwale a bakin kogi. Da azahar Kafizato ya shiga ta ƙofar gabas, ba sanɗa, ba ɓoyo. Ya tarar da Gafiya ta ɓula gindin rumbun iri, ta kishingiɗa a kan gero, tana magana da Dila da ya sa kunne ta ƙofar yamma.

"Malam, sha kuruminka. Hancina ne mai gadina. Tun yana bakin rijiya nake..."

"Sallamu alaikum," in ji Kafizato.

Ta waiwayo, idanunta suka fito. "Ɗan Mantau! Ban ji zuwanka ba!"

Ya ce, "Ai shi ne maganin."

Dila bai tsaya jin sauran ba. An ce har yau bai sake bi ta gindin dutsen nan ba.

Kafizato ya fito da Gafiya yana ja, ta fi shi nauyi. Ya ajiye ta a gaban mai unguwa. Mantau ya ciro igiyarsa ya yi ƙulli na talatin da biyu. Mata suka ɓarke da guɗa, wannan karon a kusa. Aka auna rumbun iri, abin da ya tafi bai cika mudu biyu ba.

Korau ya dubi Gafiya, ya dubi Mantau. Sannan ya aika aka ɗauko kwanon tuwon dattawa, aka ajiye a gaban rumbuna. Ya kama hannun Mantau na dama, wanda ya shiga bakin kare, ya sa shi cikin kwanon da kansa, ya ce, "Saura kwana ashirin da takwas a hukuncinka. Na yafe su, in kai ka yafe mana. Bismillah." Dattawa suka matso ɗaya bayan ɗaya, har da mai maganar sammu.

Sai mai unguwa ya ɗaga murya ya ce, "A dama wa Kafizato fura da zuma, a cika ƙwarya!"

Kafizato ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode. In dai girmama ni za a yi, a ba ni ƙashi."

Haƙoran nan biyu Mantau ya ɗinke su cikin 'yar fata, ya rataye a ƙofar rumbun iri. Duk mai ƙaramin kare a garin, idan ya ji iska ta canza, sai a nuna masa fatar a ce, "Je ka buɗe bakin ka ƙirga."

To, jama'a, abin ɗauka a nan uku ne. Gatan da ya hana ka tauna, shi zai ruɓar maka da haƙori. Ciwon da ba a leƙa ba, turare ba ya warkar da shi. Kuma masoyinka na gaskiya ba mai yi maka kirari daga bayan danga ba ne, shi ne wanda ya sa hannu inda kowa ya toshe hanci.

Ƙurunƙus kan tsohuwar gafiya. Wanda ya ji ya ƙi ɗauka, Ungulu tana jiransa hira.